Kundin ƙaurar sunaye 47: abin da nake gani a kasuwar masu rajistar domen

Litinin, 2 ga Satumba, 2024

Jiya Verisign, kamfanin da ke riƙe da kundin sunayen shafukan intanet masu ƙarewa da .com, ta ɗaga farashin sarinsu daga dala 9.59 zuwa dala 10.26. Karo na huɗu ke nan a jere, kowace Satumba tun 2021, bayan farashin ya shafe shekara tara a tsaye kan dala 7.85. Tun kafin watan ya kama, kamfanonin rajista suka yi ta turo imel cewa dole ce ta sa za su ƙara nasu. Santi 67 aka ƙara musu. Ɗaya daga cikin waɗanda muke hulɗa da su ya ƙara mana dala biyu, ya kuma rataya wa Verisign laifin duka.

Wannan imel ɗin ne ya sa na buɗe kundin nan. Ni da abokin aikina muna gina wa mutane shafukan intanet, kuma sannu a hankali sunayen shafukansu, wato domen, suka taru a hannunmu har 47, a warwatse a kamfanonin rajista biyar. Ba mu taɓa zama mun zaɓi ko ɗaya daga cikinsu ba. Duk inda aka yi rangwame ranar da ake buƙatar suna, nan muke faɗawa. Aikin da na ɗora wa kaina kashi biyu ne: in tattara sunayen wuri ɗaya kafin shekara ta ƙare, sannan in gano ko akwai ci a harkar idan mu ma muka shiga sayarwa. Kamfanonin da muke ciki ba zan kama sunansu ba, laƙabi zan riƙa ba su.

Alhamis, 5 ga Satumba

Kwana uku ina cika jadawali: suna, mai shi, inda yake, ranar ƙarewa, abin da aka biya a shekarar farko, abin da ake biya yanzu. Layi biyu na ƙarshen nan su ne suka tsaya mini a rai. Babu suna ɗaya da kuɗin sabuntawarsa ya yi daidai da kuɗin shigarsa.

Abin da ya kamata mai shiga harkar nan ya fara riƙewa shi ne kayan iri ɗaya ne a kowane shago. Kundin .com guda ne a duniya, yana hannun Verisign, da sunaye sama da miliyan 150 a ciki. Ita ba a yarda ta sayar wa mutum kai tsaye ba, sai ta hannun kamfanonin rajista da ICANN, hukumar da ke kula da tsarin sunayen intanet, ta ba lasisi, kuma farashi ɗaya take ba kowa, babba da ƙarami. A 2024, santi 18 ICANN ke karɓa a shekara a kan kowane suna. Ke nan duk wanda ya sayar maka da .com a Satumbar 2024, dala 10.44 ya fitar daga aljihunsa. Wanda ya saya a babban kamfanin rajista irin GoDaddy da wanda ya saya a kamfani mai ma'aikata goma, layi ɗaya aka rubuta musu a kundi ɗaya. Babu mai inganci, babu jabu.

Da ba haka abin yake ba. A 1995 Network Solutions ce kaɗai mai kundi kuma mai sayarwa, dala 100 take karɓa na shekara biyu, in ka ga dama ka saya. ICANN ta zo a 1998, a 1999 aka raba aikin gida biyu, aka buɗe ƙofar sayarwa da kamfanoni biyar na gwaji, cikinsu har da AOL da register.com da Melbourne IT ta Ostareliya. Farashi ya rikito. To daga nan aka shiga matsalar da har yau ake ciki: mutum dubu suna sayar da abu ɗaya da suka saro a wuri ɗaya, ina riba za ta fito?

Laraba, 18 ga Satumba

Na je neman amsar da kaina. Na zaɓi wani suna marar ma'ana na sa shi a kwando a kamfanoni bakwai, na bi har bakin biya ban biya ba, ina ƙirga abin da aka tura mini a hanya.

Wanda zan kira Mai Kwando, inda muke da sunaye 19, shi ya ci gasar. A fuskar shafinsa an rubuta farashin da bai kai dala ɗaya ba da manyan haruffa. A ƙasa, da rubutun da sai ka matso da ido, an ce sai in ka sayi shekara biyu, ta biyun kuma a cikakken farashi. Na danna. Shafi na gaba, kariya ga sunan, an riga an sa mini alamar amincewa, ni zan cire. Na gaba, akwatin imel mai ɗauke da sunan, wata na farko kyauta. Na gaba, manhajar gina shafi. Na gaba, irin sunan nan da wutsiyar .net da .org da .info, wai kar wani ya riga ni. Lokacin da na isa wurin biya, jimillar ta haura dala 60, kuma maɓallin da zai bar ni in wuce ba tare da kayan ba launin toka ne, kamar ya mutu. Har takardar shaidar tsaro ta SSL suna sayarwa, abin da Let's Encrypt ta yi shekaru tana rabawa kyauta.

Ban ga laifin kowa a neman riba ba. Amma lissafin a fili yake: wanda ya ba ka kayan dala 10.44 a santi 99 ya yi asarar sama da dala tara a kanka, kuma ba don Allah ya yi ba. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kai ya saya da wannan kuɗin, da sa ran cewa shekara mai zuwa katinka zai biya sabuntawa kana barci, kuma kafin nan imel ɗinka da shafinka duk sun yi saiwa a wurinsa. GoDaddy ta daɗe da gane cewa yaƙin na kama sabon shiga ne, shi ya sa tun 2005 ta kai tallarta wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka, inda ake biyan miliyoyi a kan rabin minti. Yau tana riƙe da sunaye sama da miliyan 80.

Biyu daga cikin bakwai ɗin sun nuna kuɗin shiga da na sabuntawa da na ƙaura a layi ɗaya, kuma tazararsu ba ta taka kara ta karya ba. Ɗaya daga cikinsu na zaɓa ya zama sabon gidanmu.

Talata, 1 ga Oktoba

An fara ƙaura, kuma na fara da kwafsawa.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Ka cire kullen sunan, ka karɓi lambar ƙaura daga tsohon kamfani, ka kai wa sabon, ka biya kuɗin shekara ɗaya wanda ake ɗora maka a kan ragowar lokacinka. Tsohon kamfani yana da kwana biyar ya sake ka. Sunan da bai kwana 60 da rajista ko da wata ƙaurar ba, shi ne ake iya hana shi motsi. Abin da na manta shi ne canza imel ɗin mai suna ma yana jawo wannan kulle na kwana 60, sai in ka nemi a tsallake shi tun kafin ka canza, a inda kamfani ya ba da wannan damar. Ranar 24 ga Satumba na zauna da kyakkyawar niyya na gyara imel ɗin sunaye 11 da ke kamfani na biyu, don saƙon ƙaura ya zo inda za mu gani. Na kulle su da hannuna har 23 ga Nuwamba. Abokin aikina ya duba allon ya ce, "Malam, kai da ka zo fitar da mu, kai ka ƙara kwaɗo." Ban tanka ba.

A wurin Mai Kwando na nemi lambobi 14. Kafin a ba ni kowace ɗaya sai an tambaye ni dalilin tafiya, sannan a nuna mini jerin abubuwan da wai zan rasa, sannan, abin mamaki, a ba ni rangwamen sabuntawa. Shekara shida muna biyan cikakken farashi ba a taɓa ce mana ga ragi ba, sai yau da aka ga ƙafarmu a waje. Ashe farashi biyu ne, na mai barci da na wanda ya farka.

Litinin, 7 ga Oktoba

Duk 14 sun sauka. Mai Kwando ya riƙe su har cikar kwana biyar ɗinsa, ko awa ɗaya bai yafe ba, imel na roƙo kuma kullum. Babu shafin da ya ɗauke, don na kwafe bayanan DNS, waɗanda ke haɗa kowane suna da kwamfutar da shafinsa yake, tun kafin a taɓa komai.

Alhamis, 24 ga Oktoba

An kwashe tara na kamfani na uku da biyar na kamfani na huɗu. Jimilla 28 a sabon gida.

Wajen neman lambobin na huɗun ne na lura cewa sunan da ke cikin bayanan rajista daban yake da sunan shagon da muke biya. Ashe ba shi da lasisi, mai sari ne, yana sayarwa a ƙarƙashin wani. Wannan ya sa na shafe daren jiya ina bin salsalar wa ya mallaki wa, kuma kasuwar ta fi yadda take a ido ƙanƙanta. Network Solutions da Register.com, waɗanda aka haɗa su kara a 1999, yau uwarsu ɗaya, Newfold Digital, wadda kuma ita ce mai Bluehost, kamfanin ba wa shafuka masauki. Tucows ta Kanada, mai OpenSRS da dubban masu sari ke ɗauka a wurinta, ta sayi babbar kishiyarta Enom a 2017. GoDaddy ta sayi kasuwannin cinikin sunaye, Afternic a 2013, Uniregistry a 2020, Dan.com a 2022, a 2020 ɗin kuma ta sayi sashen kundin Neustar, ta zama mai shago kuma mai kundin wasu wutsiyoyin. Mutum zai yi fushi ya bar kamfani, ya je ya zauna a ɗakin ƙaninsa bai sani ba.

Cinikin da ya fi koya mini darajar kwastoma shi ne na Google Domains. A 2023 Google ta sayar wa Squarespace da sashen, sunaye kusan miliyan 10 a kan kusan dala miliyan 180. In ka raba, kowane suna ya tashi a wajen dala 18, alhali dala 12 Google ke karɓa a shekara a kan .com, mafi yawanta kuma ta Verisign ce. Da ribar rajista kaɗai, shekaru za a kwashe kafin a mayar da wannan kuɗin. Squarespace manhajar gina shafi take sayarwa, kuma duk mai suna a hannu mai neman shafi ne gobe. Ta yi alƙawarin barin farashin sabuntawa yadda yake na aƙalla wata 12, wa'adin kuma ya cika a watan jiya.

Cloudflare, kamfanin da ke kare shafuka yana ƙara musu sauri, ta bi ta ɗaya ƙofar. Tun 2018 take sayarwa a kan farashin sari, ba ƙarin ko santi, .com dala 10.44 cif a ƙarshen 2024. Na yi kwaɗayi. Sharaɗinta ɗaya ne, sunan ya zauna a kan sabar DNS ɗinta, inda ainihin kasuwancinta yake. Ga mutum ɗaya mai shafinsa wannan ciniki ne mai kyau. Mu da ke riƙe wa mutane amana, wasunsu da masaukin da ke buƙatar tasa sabar, bai yi mana ba. Amma ka duba halin da ta jefa sauran: yaya za ka yi gogayya da wanda ya ce shi ba ya neman ko sisi a kan kayan da kai kake ci da su?

Talata, 12 ga Nuwamba

Ranar da ba zan so ta maimaitu ba.

Da safe wani dattijo cikin kwastomominmu ya kira. Yana da sunaye uku a kamfani na biyar, ɗaya tsoho ne da ke tura mutane zuwa sabon shafinsa, kuma shi ne a buge a jikin katunansa da motocin kamfaninsa. Ya ce, "Yaro, me kuka yi wa shafina? An ce talla ce ke fitowa." Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ni minti goma." Na buɗe, sai ga shafi cike da tallace-tallace, a samansa an rubuta cewa sunan ya ƙare. Kwana 29 da ƙarewa. Katin da ke biya ya mutu tun bazara, saƙonnin tuni kuma suna zuwa imel ɗin wani ma'aikacinsa da ya bar aiki. ICANN ta wajabta tuni wata guda kafin ƙarewa, da mako guda kafin, da wani bayan ƙarewa, kuma na tabbata an tura su duka, cikin akwatin da ba mai buɗewa. Ranar ƙarewar tana cikin jadawalina tun Satumba. Na ga alamar sabuntawa da kanta a kunne na wuce, ban duba katin ba. Wannan nawa ne.

Abin da ya sa gumi ya karyo mini shi ne da na ga sunan a shafin gwanjo, mutum biyu sun riga sun taya.

A takarda, sunan .com da ya ƙare yana da rai mai tsawo: har kwana 45 na sassauci a hannun kamfanin rajista, in an goge shi kwana 30 na fansa, sannan kwana 5 na jiran sakewa. A aikace, sunan da ke da ɗan daraja ba ya kaiwa ƙarshen wannan hanya. Kamfanin da yake hannunsa zai kai shi gwanjo tun cikin kwanakin sassaucin, ya miƙa wa wanda ya fi tayi, kuɗin kuma nasa ne, galibi tsohon mai suna ko la'ada ba ya gani. Yana rubuce a yarjejeniyar da dukanmu muke danna amincewa ba mu karanta ba. Wanda kuwa ya kuɓuce har aka sake shi, akwai masu jira a bakin ƙofa. Kamfanoni irin DropCatch suna riƙe da ɗaruruwan lasisin rajista, don kowane lasisi ƙarin layi ne zuwa kwamfutocin Verisign a daƙiƙar da suna ya faɗo. Shi ya sa in ka ji an ce masu lasisin ICANN sun haura 2,000, kada ka ɗauka shaguna 2,000 ne ke gasa a kanka.

Na biya kuɗin fansa, ya ninka na sabuntawa sau da yawa, duk da cewa sunan bai bar hannunsu ba balle a ce sun biya wani. Daga aljihunmu, ba na dattijon ba. Da la'asar shafin ya dawo. Na kira shi na faɗa masa gaskiyar abin da ya faru. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Allah ya kiyaye gaba. Amma wannan sunan kar ku ƙara taɓa shi."

Juma'a, 29 ga Nuwamba

Kullen 11 ɗin nan ya buɗe ranar Asabar, na tura su ranar Litinin.

Yau ranar rangwamen ƙarshen Nuwamba ce, akwatina ya cika da tayin sabbin wutsiyoyi a kan dala ɗaya ko biyu. Waɗannan 'ya'yan shirin 2012 ne, lokacin da ICANN ta karɓi buƙatu 1,930 a kan dala 185,000 kowace, aka samu sabbin wutsiyoyi sama da 1,200. A nan mai kundin ne da kansa ke karya farashin shekarar farko don adadinsa ya kumbura, kuma ba shi da linzamin da aka sa wa .com, inda ƙari ba ya wuce kashi 7 cikin ɗari a shekara, shi ma a shekara huɗu na ƙarshe cikin kowace shida. Na duba uku, kuɗin sabuntawarsu ya fi na .com nesa. Abokin aikina ya sayi biyu duk da haka. Na rubuta masa ranar ƙarewarsu a jadawali da jan launi.

Talata, 10 ga Disamba

Sunaye 39 a gida ɗaya. Yau na zauna a kan kashi na biyu na aikin.

Neman lasisin kanmu ya mutu a layin farko na lissafi. Dala 3,500 kuɗin nema, dala 4,000 kowace shekara, ban da wani kason da ake raba wa masu lasisi, ban da ajiye kwafin bayanan kwastomomi a hannun amintacce, ƙa'idar da aka tsaurara bayan rushewar kamfanin rajista RegisterFly a 2007, ban da injiniyan da zai haɗa mu da kowane kundi. In ribarmu dala biyu ce a suna, sai mun riƙe sunaye 2,000 kafin mu biya kuɗin shekarar kaɗai. Muna da 47.

Sari shi ne daidai wuyanmu, kuma sabon gidan namu yana da wannan sashen, ba sai mun sake ƙaura ba. Sai dai da muka zo sa farashi, rigima ta tashi. Abokin aikina ya ce mu ba da sunan kyauta a shekarar farko ga duk wanda muka gina wa shafi, mu fanshe a sabuntawa. Ya ƙara da cewa mu riƙa yin rajistar da sunan kamfaninmu, "don kar mutum ya kwashi aikinmu ya kai wa wani." Na buɗe baki zan yi masa wa'azi, sai na tuna daftarin da ni na rubuta da safe: farashin shiga da manyan haruffa, na sabuntawa a ƙasa, da akwatin imel da na riga na sa wa alamar amincewa. Wata uku ina zagin Mai Kwando a kundin nan, ga shi cikin awa ɗaya na gina ƙaramin kwandona, ba tare da kowa ya koya mini ba. Ribar dala biyu ita ke tura hannun mutum can.

Mun rabu a kan abu ɗaya da ba na ja da baya a kansa: kowane suna da sunan mai shi za a rubuta, da imel ɗinsa, kuma ranar da ya nemi lambar ƙaura a ranar zai samu. Maganar farashi ba mu gama ba. Shi yana ganin farashi ɗaya daga farko har ƙarshe zai sa mu yi tsada a ido kusa da masu santi 99, kuma ban da amsar da za ta rufe masa baki, don gaskiyarsa ce.

Talata, 28 ga Janairu, 2025

Na wuce wa'adin da na ɗibar wa kaina da wata guda. Sunaye 44 suna gida ɗaya. Biyu masu su sun ce a bar su su mutu, na kashe musu sabuntawa, zan kuma leƙa in ga ko za su bayyana a gwanjo. Ɗaya, na dattijon, yana nan inda yake bisa umarninsa, da sabon kati, an biya masa shekara biyar.

Yau ne ICANN ta sauke wa kamfanoni wajibcin tsohon tsarin duba bayanan suna, wato WHOIS, an koma sabon tsari mai suna RDAP, don haka ɗan shirin da na rubuta mai duba ranakun ƙarewa yana buƙatar gyara kafin ƙarshen mako. Tun da dokar kare bayanai ta Turai ta fara aiki a Mayun 2018 ake ɓoye yawancin bayanan masu suna, a shekarar ce ma kamfanin rajista Namecheap ya mayar da ɓoyewar kyauta, amma a cikin rasitan da na tattara na ga Mai Kwando ya ci gaba da cajin mu kuɗinta a kan sunaye shida har bara. Na rubuta musu. An ba ni lambar ƙorafi.

Asusun sari ya buɗe, mun sayar da sunaye huɗu a watan nan a kan farashi ɗaya, na gwaji, zuwa ƙarshen Maris. Mutum na biyar ya ga farashin ya ce ya samu a dala ɗaya a wani wuri, ya tafi. Abokin aikina ya rubuta shi a wani sabon layi da ya ƙara a jadawalin, ya sa wa layin suna "waɗanda Malam ya kora". Ni kuma na sa ranar da shekararsa ta farko za ta cika a gefe.